Tsohon shafina: a rushe ko a yi masa kwaskwarima?

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau 'yar ƙanwata ta buɗe shafina na intanet a wayarta, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kawu, wannan fa gidan tarihi ne." Ta miƙo mini wayar. Da gaskiyarta. Rubutun ya fito ƙanana kamar jerin tururuwa, sai ka sa yatsu biyu ka buɗa shi, da ka buɗa kuma layin ya fice ta gefen allo, ka yi ta jan sa hagu da dama. Ni kullum a kwamfuta nake duba shi, a can kuwa lafiya lau yake, shi ya sa ban taɓa damuwa ba.

A 2004 na gina shi, da manhajar haɗa shafi ta FrontPage, na ɗora shi a GeoCities, wani masaukin shafuka na intanet, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Da Yahoo ta sanar za ta rufe GeoCities a 2009, na kwashe kayana na koma wani masauki, na sayi adireshi nawa na kaina. Tun daga ranar ban sāke masa kama ba. Koren ginshiƙi a hagu mai ɗauke da jerin sassa, farin fili a dama, rubutun "Barka da zuwa" yana gudu a sama daga dama zuwa hagu, lambar ƙirga masu ziyara a ƙasa, da wani ɗan hoto mai motsi na mutum yana haƙa da shebur, an rubuta "Ana kan aiki". Bawan Allah nan shekara 21 ke nan yana haƙa. A can ƙasa kuma akwai gargaɗin cewa an fi ganin shafin da kyau a allo mai 800 x 600.

Abin da ke ciki: bayanai kan nahawu, karin magana da sharhinsu, da 'yan waƙoƙina. Shafuka 212. Na ba kaina wata ɗaya da rabi in yanke shawara, zan kuma riƙa rubuta abin da na yi, don na san halina, in ban rubuta ba aikin zai bi sahun mai shebur.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kafin komai na sauke kwafin shafin gaba ɗaya, na ajiye a wuri biyu. Sannan na buɗe cikin fayil ɗin farko in ga abin da na shuka.

Tebur cikin tebur cikin tebur. Har hawa huɗu a wani wurin. Akwai wani hoto mai fiksel ɗaya tak, wanda ido ba ya gani, da na yi ta miƙar da shi ina tokare rubutu da shi don kada ya manne da gefe. Na ƙirga shi sau 31 a shafin farko kaɗai. Wanda bai yi zamanin ba zai ɗauka hauka ne, amma dabara ce. CSS, wato hanyar da ake raba ado da rubutu, ta fito tun 1996, sai dai a shekarun can kowace burauza, wato manhajar buɗe shafuka, da irin fassarar da take yi mata: abin da ya zauna daidai a Internet Explorer sai ya karkace a Netscape. Tebur ne kaɗai kowa ya yarda da shi.

Abu ɗaya ya faranta mini rai. Shafin farko, da hotunansa da komai, bai kai kilobait 60 ba. Ƙididdigar HTTP Archive ta nuna matsakaicin shafi a yau ya haura megabait 2. Tsohon nawa yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Dare uku na yi ina gwada sabon zubi, a kwafi, ba a shafin gaskiya ba. Na ɗauko ɗaya daga cikin shirye-shiryen zubin nan da ake samu, na zuba rubutu goma a ciki. Wallahi ya yi kyau. Babban hoto ya cika allo, suna da manyan haruffa, kowane rubutu cikin ɗan akwatinsa mai zagayayyen gefe, jerin sassa ya ɓuya bayan 'yan layukan nan uku da ake dannawa. Na tura wa yarinyar hotonsa, ta amsa da "Yauwa Kawu, yanzu ka zo."

Da safe na sāke dubawa da idon da ya yi barci. A tsohon zubi, mai ziyara yana buɗewa zai ga sunayen rubutu kusan talatin a gabansa. A sabon, kalma takwas zai gani da hoton alƙalami wanda ba nawa ba, sai ya gangara sau biyu kafin ya tarar da rubutu na farko. Nauyin shafin ya tashi zuwa kusan megabait 3, alhali ban ƙara ko harafi ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na rufe sunan da tafin hannu, na tambayi kaina ko zan gane shafina ne. Ba zan gane ba. Zai iya zama na mai sayar da takalma.

Akwai kuma ɗawainiya. Fayilolina na yanzu rubutu ne zalla, ba abin da ke motsi a ƙarƙashinsu, shi ya sa suka shekara ashirin ba su nemi kulawata ba. Sabon tsarin yana da rumbun bayanai da ƙananan manhajoji da ke son sabuntawa a kai a kai, in ka yi sakaci ɓarayin intanet su samu ƙofa. Ba raina irin waɗannan manhajoji nake yi ba. WordPress, ɗaya daga cikinsu, da ta fito a 2003, ita ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma da dalili. Amma mutumin da ke ƙara rubutu uku ko huɗu a shekara, me zai yi da injin da aka ƙera don mai wallafa goma a rana?

Asabar, 13 ga Satumba

Ban taɓa kwamfuta ba yau sai da yamma. Tunani na yi, don na lura tambaya biyu nake cakuɗawa. Akwai abin da ya tsufa a ido, akwai kuma abin da ya lalace. Ba ɗaya ba ne.

Na zagaya wasu tsofaffin shafuka don in samu abokan shawara. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1991, yana nan an maido da shi a adireshinsa, baƙin rubutu da shuɗayen mahaɗai. Shafin Berkshire Hathaway, kamfanin attajirin nan na Amurka Warren Buffett, har yau jerin mahaɗai ne kawai a farin fili. Craigslist, shafin ƙananan tallace-tallace, ma bai yi nisa da kamanninsa na farko ba. Na ji daɗi, har na fara cewa ai da tsohuwar zuma ake magani.

Sai na kama kaina. Buffett ba ya neman masu karatu, su ke neman sa. Ko a bayan ambulan ya rubuta wasiƙarsa ga masu hannun jari za a karanta. Ni kuwa ɗalibin da ya faɗo shafina yana neman bayanin lamirin suna, in ya ga sai ya yi kokawa da allo, komawa zai yi. Kuma sabo turken wawa ne. Wataƙila ba son tsohon zubi nake ba, son shekarun da na yi shi nake.

Saboda haka na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya. Koren ginshiƙi, jerin mahaɗai, rashin manyan hotuna: waɗannan tsufa ne kawai, ba su cutar da kowa. Ɗaya gefen ya fi tsawo. Ba ya karantuwa a waya. Burauza tana rubuta "ba amintacce ba" kusa da adireshina, abin da Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da HTTPS, wato tsarin kare saƙon da ke tsakanin shafi da mai karatu, tun Yulin 2018. Muryoyin waƙoƙi sun daina fita. Haruffa masu ƙugiya sun dagule a wasu shafuka. Wannan gefen ba maganar ado ba ce, ɓaraka ce, kuma ni na bar ta.

Shawara ta wucin gadi: a gyara ginin daga ciki, a bar fuskar. In na gama ban gamsu ba, sabon zubin yana nan a ajiye.

Asabar, 20 ga Satumba

Na gano dalilin tururuwar. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, kusan duk shafukan duniya don kwamfuta aka yi su, sai burauzar wayar ta riƙa ɗaukar cewa faɗin allonta fiksel 980 ne, ta zana shafin a haka, sannan ta ƙanƙance shi ya shiga tafin hannu. Sauran wayoyi suka bi. Har yau haka suke yi wa duk shafin da bai gaya musu ya san da zaman waya ba. Layi ɗaya ake sa wa a kan fayil don a gaya musu. Na sa. Rubutu ya girma nan take, amma teburina mai faɗin 760 ya ƙi lanƙwasa, rabinsa ya tsaya a wajen allo mai faɗin 390.

Ba makawa teburan su tafi. Dabarar da Ethan Marcotte ya raɗa wa suna a 2010 ita ce a bar shafi ya riƙa bin faɗin allon da ya samu kansa a ciki. Na rubuta fayil ɗin CSS guda ɗaya, layi 84. In allo mai faɗi ne, koren ginshiƙi yana hagu inda aka san shi. In waya ce, sai ya koma sama ya zama 'yan layuka biyu, a buɗe, ba a ɓoye bayan maɓalli ba. Abin da ya ci mini tebur hawa huɗu a 2004, yanzu layi biyar ne, albarkacin tsarin grid na jera sassan shafi da manyan burauzoji suka karɓa a 2017.

Girman rubutu na ɗaga shi daga fiksel 11 zuwa 18. A da nau'in rubutu na Verdana mai fiksel 11 shi ne yayi, kuma idona na wancan lokacin bai yi ƙorafi ba. Na kuma taƙaita tsawon layi kada ya wuce harafi saba'in, don a babban allo layin yana miƙewa har ido ya ɓata wajen dawowa. Kwanan watan da ke ƙarƙashin kowane rubutu na sa shi da launin toka mai haske, ina ganin gayu ne. Ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu raunin gani tana son bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4.5 bisa 1. Nawa 2.85 ne. Na duhunta shi.

Laraba, 24 ga Satumba

Garin neman gira na kusa rasa ido. Ina cire tebura da umarni ɗaya a duk fayiloli, ashe ya haɗa da tebura na gaskiya, na jadawalin wakilin suna da na lokutan aikatau. Shafi 17 suka zama dambu. Kwafin ranar 7 ga wata ne ya cece ni.

HTTPS kuwa minti goma. Masaukina yana ba da takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt kyauta, maɓalli ɗaya ne, tana sabunta kanta kafin kwana 90 su cika. Shekara nawa ina ɗage wannan don ina tsammanin babban aiki ne, kunya ta hana ni ƙirgawa.

Asabar, 27 ga Satumba

Yau na shiga inda aikin gaske yake, kuma ba wanda ya hango shi, har ni.

Iri huɗu na tarar na yadda na rubuta ɓ da ɗ da ƙ cikin shekarun nan. Shafukan farko ba ƙugiya ko ɗaya, domin tsarin haruffan da fayilolin suke kai, windows-1252, don harsunan Yammacin Turai aka yi shi, ba shi da gurbin haruffanmu. Daga baya na koma sa alamar ɗauri bayan harafi: k'asa, d'aki, b'era. Can kuma na koyi sa lamba a madadin harafi, 409 don ƙ, 599 don ɗ, 595 don ɓ, kowace da 'yan alamominta gaba da baya; wannan yana fita daidai a allo, amma cikin fayil ɗin ba ya karantuwa ga ɗan Adam. Na ƙarshe su ne waɗanda na rubuta a shekarun baya-bayan nan da haruffa na gaskiya a tsarin UTF-8, na manta kan fayil ɗin yana nan yana shelar tsohon tsari. Sakamakon: duk inda na rubuta "ƙasa", mai karatu "Æ™asa" yake gani, "ɗaya" kuma "É—aya". A shafin da ke koyar da ƙa'idar rubutu!

Na ƙarshen nan shi ya fi muni a ido, shi ya fi sauƙin gyara: a canza shela zuwa UTF-8, shi ke nan. Masu lamba ma inji ya juya su ba gardama. Masu alamar ɗauri na ce a mayar da kowane k' ya zama ƙ, kowane d' ya zama ɗ. Ya yi, har ya wuce gona da iri: inda na sa sunan 'Facebook' tsakanin alamun zance, na dawo na tarar da Facebooƙ. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farkon ne ba injin da zai taimake ni. "Kasa" ƙasa ce, ko kasawa, ko macijiya? "Fada" ta sarki ce ko faɗa ne? Sai an karanta jimla. Shafi 58 ne a wannan hali, kuma dole in bi su da ido, kalma kalma. A nan ne na lura da kan littafin da masu ziyara ke barin saƙo. Shekara 21 yana ɗauke da suna "Littafin Baki". Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ko dai kowa ya gane baƙi nake nufi, ko kuma sun ga sunan ya dace da abin da ake yi a ciki.

Sai maganar zanen haruffa. In nau'in rubutun da ka zaɓa ba shi da ƙ, burauza takan aro ta daga wani nau'in, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ko kauri a tsakiyar kalma, kamar baƙo a layin 'yan gida. Na gwada Noto Sans na Google da Andika na SIL, dukansu suna da haruffanmu cikakku, manya da ƙanana. Na ɗauki Andika, don an zana ta ne saboda masu koyon karatu, haruffanta ba sa rikicewa da juna. Ta ƙara wa shafin nauyi, na karɓa. Na kuma sa alamar da ke gaya wa burauza cewa harshen shafin Hausa ne, ko ta daina tayin fassara mini shi daga wani harshen da ban sani ba. Game da 'y da ƴ, na bar 'y yadda na saba, na ƙara ɗan bayani cewa a Nijar ƴ ake rubutawa, don mai nema ya gwada duka biyun.

Ga abin da ya tsaya mini a rai: da na bi shawarar farko na zuba komai a sabon zubi, da duk wannan dagulon ya bi ni can, ya zauna cikin kyawawan akwatuna.

Asabar, 4 ga Oktoba

Muryoyi sun dawo. Abin kunna sautin da na sa a 2007 na manhajar Flash ne, mai ita Adobe kuwa ta daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, burauzoji suka cire shi. Kusan shekara biyar ke nan masu ziyara suna ganin farin gurbi. Fayilolin MP3 ɗin suna nan ba abin da ya same su, layi ɗaya na HTML, harshen da ake rubuta shafi da shi, ya isa a kunna kowanne. Na saurari muryata ta shekara 18 da suka wuce. Sauri nake yi kamar ana kora ta.

Biyu daga cikin hotunan sashen karin magana sun ɓata tun ƙaurar 2009, ban kwafe su ba. Na samu ɗaya a Wayback Machine na Internet Archive, ma'ajiyar tsofaffin shafuka. Ɗayan ya tafi.

Na so in gyara sunayen fayiloli, don "nah3b.htm" ba suna ba ne. Sai na tuna wata malama da ta taɓa rubuto mini cewa ta sa adireshin shafukan nahawun a takardar da take raba wa ɗalibanta. Takarda ba ta sabunta kanta. Berners-Lee ya yi ɗan rubutu a 1998 kan cewa adireshi na ƙwarai ba ya canzawa, kuma ko da yake ana iya sa umarnin da zai riƙa tura mai ziyara daga tsohon suna zuwa sabo, wannan wani abin kulawa ne da zan ɗora wa kaina har abada don kawai suna ya yi kyau. Nah3b.htm zai mutu da sunansa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Zaman shari'a da 'yar ƙanwata kan kayan ado. Ita ce mai gabatar da ƙara.

Rubutu mai gudu: ta ce a cire. Na ce shi ne abin da na fi alfahari da shi a 2004. Ta ce, "Kawu, ina karatu yana ja mini ido." Ba ni da amsa, kuma ƙa'idar WCAG tana bayanta, don ta ce duk abin da ke motsi fiye da daƙiƙa biyar a ba mai karatu hanyar tsayar da shi. Ɗan'uwansa mai ƙyaftawa ma Firefox ta kashe shi tun 2013. "Barka da zuwa" ya tsaya cak.

Gargaɗin 800 x 600 ya tafi ba musu. Littafin Baƙi, da ƙugiyarsa yanzu, na rufe shi ga sabon saƙo, don shekarun nan tallan banza kawai ke shigowa, amma tsofaffin saƙonni 140 na mayar da su shafi na zaune. Akwai na mutanen da ba su da rai yanzu. A nan ba ta ce komai ba.

Mai shebur muka fi daɗewa a kansa. Ta ce abin dariya ne. Na ce na sani, shi ya sa. Muka rabu a kan ya bar shafin farko ya koma shafin "Game da ni", a daskare, ba motsi. Koren launi kuwa ta ce kamar allon makaranta. Na ce to ai makaranta ce.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na ɗora jiya da dare. Shafin farko kilobait 140, yawancinsa nauyin Andika ne. A kwamfuta, wanda ya san shi a da zai ce rubutu ya girma, shi ke nan. A waya wani abu ne daban.

Na tura mata adireshin ban ce komai ba. Bayan kusan awa ɗaya ta rubuto: "Har yanzu tsoho ne fa, Kawu." Sai wani saƙon ya biyo: "A sharhin karin magana na 40 ka rubuta kafa, ƙafa kake nufi ko kafa ta rami?" Ƙafa nake nufi. Na gyara.

Lambar ƙirga masu ziyara tana nan ban yanke mata hukunci ba. Ta tsaya a 48,213 tun ranar da kamfanin da ke ƙirgawar ya daina aiki, ban ma san yaushe ba. Sabon zubin nan na ranar 11 ga Satumba ban goge shi ba tukuna. Cikin shafuka 58 marasa ƙugiya na gama 35, saura 23, mafi yawansu waƙoƙi ne, inda kuskuren harafi ɗaya ke karya ma'anar baiti. Gobe zan fara da mai tsawon.